ZAUREN IYAYE DA MALAMAI: Yaƙin Duniya na Farko a Ajin Tarihi

 A wannan zangon karatu 'ya'yanmu na manyan azuzuwa sun kai darasin Yaƙin Duniya na Farko, wanda aka gwabza daga 1914 zuwa 1918. Za ku ga suna komowa gida da taswirar Turai a littafin rubutu, suna ta nanata sunaye masu wuyar faɗi. Wani uba zai ce, ina ruwanmu da faɗan Turawa wanda aka gama fiye da shekara ɗari? Ai da lissafi aka ƙara wa yaron da ya fi masa amfani. Tambayar tana kan hanya, ta kuwa cancanci amsa.

A jarrabawa abu biyu akan tambayi yaro: dalilan yaƙin, da yadda aka gudanar da shi. Yaro mai ƙoƙari yakan haddace dalilai huɗu da ranaku goma, ya zuba su a takarda, ya ci. Amma in a nan karatunsa ya tsaya, zai tashi da tunanin cewa yaƙi kamar damina yake, in hadari ya haɗu dole a yi ruwa, ba laifin kowa. Abin da muke so ya shiga zuciyarsa shi ne, mutane ne suka zauna a kan kujeru suka zaɓi wannan yaƙi, taki bayan taki, a kowane taki kuwa akwai wanda yake da ikon cewa a dakata. Bari mu bi labarin tare, domin in yaro ya kawo muku shi ku san inda za ku kama.

ITACEN DA AKA TARA

Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare yake samun wurin shiga. Bangon Turai ya daɗe da tsagewa kafin 1914.

Da fari akwai tsohuwar gaba. A 1870 zuwa 1871 Jamusawa suka ci Faransa da yaƙi, suka ƙwace mata lardunan Alsas da Loren. Shekara arba'in da 'yan kai Faransawa suna renon wannan ciwo, suna koya wa 'ya'yansu shi a makaranta.

Na biyu, ƙulla ƙawance. Jamus ta ɗaura alkawari da Ostiriya a 1879, Italiya ta shiga cikinsu a 1882. Faransa ta ga an bar ta ita kaɗai, sai ta kama hannun Rasha a 1894. Ingila ta shirya da Faransa a 1904, ta shirya da Rasha a 1907. Kowa ya ce don tsaron kai ya yi. Amma abin ya zama kamar awaki da aka ɗaure da igiya ɗaya, in ɗaya ta faɗa rijiya sai ta ja sauran.

Na uku, tara makamai. A 1906 Ingila ta ƙera wani ƙaton jirgin ruwa na yaƙi wanda ya mai da dukan na dā kamar kwale-kwale. Jamus ta ce ita ma sai ta yi irinsa. Wannan ya ƙera, wancan ya ƙera, kowa yana duban na maƙwabcinsa yana ƙara tsorata. Manyan hafsoshi kuma suka tsara yadda za a kwashi sojoji a jirgin ƙasa zuwa bakin iyaka, har da rana da sa'a. Shirin Jamus shi ne ta bi ta ƙasar Beljiyam ta murƙushe Faransa da sauri, kafin Rasha ta gama ɗamara.

Na huɗu, kwaɗayin ƙasashen mutane. Wannan mun san shi, gama a kanmu ya faɗo. A taron Barlin na 1884 zuwa 1885 Turawa suka tsara ƙa'idodin rabon Afirka. Ingila ta ci Kano da Sakkwato a 1903, Faransa ta riƙe Damagaram, Jamus ta riƙe Kamaru da Togo. Sau biyu, a 1905 da 1911, saura kaɗan Jamus da Faransa su kama juna a kan Maroko.

Waɗannan su ne dalilai huɗu na littafi. Gaskiya ne kuwa. Amma mukan tuna wa yara cewa itace ko an tara shi ya kai tsawon rumbu ba ya kunna kansa. Ga shi a 1905 da 1911 itacen yana nan, amma aka zauna aka sasanta. Me ya sa aka kasa a 1914?

KWANA TALATIN DA BAKWAI

Ran 28 ga Yuni 1914 Yarima Faranz Fadinan, magajin gadon sarautar Ostiriya, ya kai ziyara birnin Sarayebo a ƙasar Bosniya, wadda Ostiriya ta haɗiye a 1908. Wani saurayi ɗan kabilar Sabiyawa mai shekara 19, sunansa Gabrilo Firinsif, ya harbe shi da matarsa har lahira. Daga wannan rana zuwa ranar da Ingila ta shiga yaƙi, kwana 37 ne. Mukan rubuta kwanakin nan a allo ɗaya bayan ɗaya, a gaban kowanne mu tambayi aji: wa ke da ikon tsayawa a nan?

Ostiriya ta ɗora wa Sabiya laifi, ta ƙudura sai ta hore ta. A farkon Yuli ta nemi shawarar Jamus, Jamus ta ce mata ta yi abin da ta ga dama, tana bayanta. Da babban aboki ya ce a bi a hankali, da ƙaramin bai yi ƙarfin hali ba.

Ran 23 ga Yuli Ostiriya ta aika wa Sabiya da sharuɗɗa masu tsanani, ta ba ta sa'a 48. Sabiya ta sunkuyar da kai ta karɓi kusan duka, sai dai ta ƙi yarda ma'aikatan Ostiriya su shigo cikin ƙasarta su yi bincike. Sarkin Jamus kansa, Wilham na Biyu, da ya karanta amsar ya ce dalilin yaƙi ya kau. Ministan harkokin waje na Ingila ya nemi a kira taron sulhu, ba a amsa masa ba. Ran 28 ga Yuli Ostiriya ta ɗaura yaƙi da Sabiya.

Rasha ta ce ba za ta zuba ido a tattake 'yar'uwarta ba, ran 30 ga Yuli ta yi shelar tara dukan sojojinta. Jamus ta ɗaura yaƙi da Rasha ran 1 ga Agusta, da Faransa ran 3 ga wata. Ran 4 ga wata sojojinta suka keta Beljiyam, ƙasar da manyan dauloli suka yi alkawari tun 1839 ba za a taɓa ta ba. A ranar Ingila ta shiga.

Abin da yakan ba yara mamaki shi ne, sarakunan nan dangi ne. Sarkin Jamus da Sarki Joji na Biyar na Ingila jikokin Sarauniya Biktoriya ne. Mahaifiyar Sarki Joji da ta Sarki Nikolas na Rasha 'ya da ƙanwa ne. A kwanakin ƙarshe na Yuli Wilham da Nikolas suna ta buga wa juna waya, kowa yana roƙon ɗan'uwansa ya janye, ba wanda ya yarda ya fara janyewa. Kowa yana tsoron a ce ya ji tsoro. Masana tarihi har yau suna gardama a kan wanda ya fi laifi, waɗansu su ce Jamus da Ostiriya, waɗansu su raba laifin. Mukan bar yara su yi wannan gardama a aji, da sharaɗin kowa ya kawo hujja da kwanan wata.

YADDA AKA GUDANAR DA SHI

Samari suka tafi bakin dāga da kiɗa da furanni, ana gaya musu kafin Kirsimati sun komo. A watan Satumba 1914 aka tare Jamusawa a kogin Marn, kusa da Faris, shirin cin Faransa da sauri ya rushe. Sai kowane ɓangare ya haƙa ramuka ya shige, tun daga bakin teku a Beljiyam har iyakar Suwizalan, tafiyar wajen kilomita 700. Tsakanin ramukan akwai waya mai ƙaya, bayanta kuwa bindiga mai ruwa da igwa. A nan aka zauna kusan shekara huɗu cikin laka da ƙwarƙwata da ɓeraye.

Hafsoshin sun koyi yaƙi a zamanin doki da takobi, makaman kuwa na zamanin inji ne. Ran 1 ga Yuli 1916, a bakin kogin Som, aka umarci sojojin Ingila su fito daga ramuka su nufi abokan gaba a fili. Kafin faɗuwar rana wajen 19,000 sun mutu, waɗanda aka kashe da waɗanda aka raunana duka sun kai 57,000. Mukan ce wa yaro ya ƙidaya 'yan makarantarmu duka, sa'an nan ya raba 19,000 da wannan adadi, ya ga makarantu nawa ke nan aka shafe a yini guda. Washegari kuma aka ci gaba, har watan Nuwamba. A Berdun, cikin wannan shekara, Faransa da Jamus suka yi wata goma suna yanka juna, da aka gama kuwa iyakar tana kusan inda take.

Da abu ya ƙi ci ya ƙi cinyewa, sai aka shiga ƙetare iyakokin da dā ake jin kunyarsu. A watan Afrilu 1915 Jamusawa suka saki hayaƙi mai guba a Ifir, ba da jimawa ba abokan gabansu suka rama da irinsa. Jiragen ruwan Ingila suka toshe hanyar abinci zuwa Jamus, yunwa ta kama mata da yara. Jiragen Jamus masu nutso suka riƙa nutsar da jiragen fatake da na fasinja. Cikin daular Turkiyya, wadda ta shiga yaƙin a gefen Jamus, aka hallaka Armeniyawa dubbai ɗaruruwa daga 1915. Kowane ɓangare yana da amsa guda: su suka fara.

Amurka ta shiga a watan Afrilu 1917. Rasha ta yi juyin mulki a wannan shekara, ta fita. Ran 11 ga Nuwamba 1918, da ƙarfe goma sha ɗaya na safe, bindigogi suka yi shiru. Sojojin da suka mutu sun kai wajen miliyan 9, ban da farar hula.

HAR ƘOFAR GIDANMU

Ga amsar uban da ya ce ina ruwanmu. Harsashin farko da aka ce sojan Ingila ya harba a wannan yaƙi a Togo aka harba shi, a watan Agusta 1914, wanda ya harba kuwa baƙin mutum ne, Alhaji Gurunshi na rundunar Gwalkwas, watau Gana ta yau. Kafin ƙarshen watan Jamusawan Togo sun miƙa wuya.

A Kamaru abin ya ja. Tun kafin yaƙin Turawa sun raba ƙasar Adamawa biyu, Yola a hannun Ingila, Garwa a hannun Jamus. A ƙarshen Agusta 1914 sojoji suka tashi daga Yola suka auka wa Garwa, aka koro su da hasara mai yawa, har kwamandansu ya rasa ransa. Sai a watan Yuni 1915 aka ci garin. A kan dutsen Mora kuwa Jamusawa da sojojinsu suka yi shekara ɗaya da rabi a kewaye, ba su sauko ba sai watan Fabrairu 1916. Hafsoshin Turawa ne, amma yawancin masu riƙe da bindiga a kowane gefe baƙar fata ne. A rundunar Ingila ma da Hausa ake ba da oda. Ɗan Adamawa ya harbi ɗan Adamawa a kan kisan wani yarima da bai taɓa jin sunansa ba.

Bayan Kamaru aka ɗebi sojojin Nijeriya a jirgin ruwa zuwa Afirka ta Gabas, inda suka sha wuya ƙwarai a 1917. Ban da masu bindiga akwai dubban 'yan alaro masu ɗaukar kaya a kā, waɗanda ciwo da yunwa suka kashe da yawa, sunayen mafi yawansu kuwa ba a rubuta ko'ina ba. Sarakunan Arewa sun ba da gudummawar kuɗi daga baitulmali. A ƙarshen 1918 annobar mura ta sauka Ikko daga jiragen ruwa, ta bi layin dogo har Kano, ta yi ɓarna a garuruwa da ƙauyuka. Da aka raba Kamaru tsakanin Ingila da Faransa, yankin Mubi da Dikwa da Gashaka ya faɗa hannun Ingila, a 1961 mutanensa suka jefa ƙuri'a suka zauna cikin Nijeriya. Ashe iyakar da waɗansunmu suke ƙetarewa zuwa kasuwa, yaƙin nan yana cikin abin da ya shata ta.

TAMBAYA MAI NAUYI

A makarantar ikkilisiya ba a gama wannan darasi sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, Malam, su ba Kirista ba ne? Ku ma ku shirya, gama zai kawo muku ita gida.

Kada mu ɓoye masa. Yawancin ƙasashen da suka fara yaƙin suna kiran kansu ƙasashen Kirista. A jikin ɗamarar sojan Jamus an rubuta cewa Allah yana tare da su. A Ingila da Faransa da Rasha masu wa'azi da yawa suka hau bagade suka sa wa yaƙin albarka, kowa yana roƙon Allah ɗaya ya karya ɗan'uwansa. A 1910 wakilai wajen 1,200 suka taru a Edinbara suna shawarar kai bishara ga duniya duka, da Ingilishi da Bajamushe a zaure ɗaya. Bayan shekara huɗu 'ya'yansu suna harbin juna. In muka ce wa yaro ai waɗannan ba Kirista na gaske ba ne, muka rufe zancen, mun koya masa cewa irin wannan ba zai taɓa samun mu ba. Ga mai tunani haka kuwa haɗarin ya fi kusa. Mutane ne masu zuwa sujada kamarmu, waɗanda suka bar tutar ƙasa da sunan kabila suka hau bisa sunan Almasihu a zuciyarsu. Wasiƙar Yakubu, sura ta huɗu, ta bi sawun faɗa da yaƙi har zuwa sha'awar da ke cikin zuciyar mutum, ba ta kuwa ware masu bi ba, gama su aka rubuta wa.

Sa'an nan mu gaya masa sauran labarin. A Kirsimatin 1914, a wurare da dama na bakin dāga, sojojin Jamus da na Ingila suka fito daga ramuka ba bindiga, suka gaisa, suka yi waƙoƙin Kirsimati, suka binne matattunsu tare, har manyansu suka hana a sāke. A watan Agusta 1917 Paparoma Benedik na Goma Sha Biyar ya aika wa shugabanni da shawarar sulhu, suka yi kunnen ƙashi. A Gwalkwas, da gwamnati ta kori Jamusawan mishan na Basel, fastoci da dattawa 'yan ƙasa suka riƙe ikkilisiya da makarantu, aikin bai mutu ba.

Akwai kuma darasi a yadda aka rufe yaƙin. A yarjejeniyar Bersai, ran 28 ga Yuni 1919, aka ɗora wa Jamus alhakin ɓarnar da biyan diyya mai nauyi, aka ƙwace ƙasashen da take mulki. Jamusawa suka riƙe abin a zuci kamar yadda Faransawa suka riƙe na 1871. Hitila ya sami wannan ciwo ya yi ta sosa shi. A 1939 wuta ta sāke tashi, ta fi ta farko, har aka kwashi samarinmu zuwa Habasha da Bama.

ABIN DA ZA KU YI A GIDA

Ba sai kun san taswirar Turai za ku taimaki yaro ba. In ya gama karanta muku dalilansa huɗu, ku ce ya ba ku labarin kwana 37 ɗin nan da Hausa, da bakinsa, ku riƙa tsai da shi kuna tambaya, a nan wa ya kamata ya haƙura? Wanda ya iya bayyana wa mahaifiyarsa wannan a tsakar gida ba zai kasa rubuta shi a jarrabawa ba.

Daga nan ku kawo zancen kusa. Ba garin da ba shi da nasa itacen a tare: rikicin iyakar gona, shanu da suka shiga dawa, tsohuwar magana tsakanin unguwa da unguwa, ko tsakanin Kirista da maƙwabtansu Musulmi. Mu a wannan ƙasa mun ga yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970, mun kuma ga garuruwa da dama sun ƙone tun daga lokacin. Kusan kullum hanyar ɗaya ce. A yi wa wani laifi na gaske. Danginsa su ce muna bayanka, yi abin da ka ga dama. A aika da saƙon da aka san ba za a iya karɓa ba. Jita-jita ta riga gaskiya isa kasuwa. Samari su fara wasa adda, wai don tsaron kai, na wancan gefe su gani su ma su wasa tasu. Yaron da ya gane wannan hanya a littafi zai gane ta ran da ta biyo ta ƙofar gidansu.

Ku lura kuma da irin abin da muke faɗa a gaban yara da dare game da wata kabila ko wani gida. Yaran Faransa da na Jamus waɗanda suka mutu a Berdun, tun suna kan benci aka koya musu wanene abokin gaba.

A addu'ar iyali ta wannan wata muna ba da shawara a karanta littafin Sama'ila na fari, sura 25. Dawuda ya riga ya rataya takobi da mutum 400 a bayansa, an kuwa yi masa wulakanci na gaske. Abigail matar Nabal ta ɗora abinci a kan jakuna ta tare shi a hanya, ta ɗauki laifin da ba nata ba, aka kwana ba a zub da jini ba. Ku tambayi yara abin da ta yi hasara, da abin da ta ceta. A watan Yuli 1914 an sami masu takobi da yawa a Turai, irin Abigail ne suka yi ƙaranci, waɗanda aka samu kuma ba a saurare su ba.

Ubangiji ya ba 'ya'yanmu nasara a jarrabawa, ya kuma tashe su masu ƙulla zumunci a garuruwansu. A wata mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda za a taimaki yaron da yake tsoron lissafi.